Kwana Goma Sha Tara Ina Jiran Ihu

Ni ne na kashe na'urar da ke gargaɗin mutanen unguwar Chagoua ta bakin kogi idan ruwa na tafe. Da hannuna na kashe ta, wata ranar Litinin da hantsi, sannan na koma gidan ɗaya daga cikinsu na ci tuwonsa, na kwanta a ɗakinsa, na yi ta yin haka har kwana goma sha tara ban san abin da na aikata ba. Idan mutane suka ji na taɓa zama a N'Djamena, labarin zafin gari suke nema, ko na kifi. Ni kuwa wannan ne ke fara zuwa mini, don haka da shi na fara.

Sunana Lawali, mutumin Damagaram. Na shigo birnin ta gadar da ta taso daga Kusuri, da jaka ɗaya a hannu da kwamfutata a goye, da wani irin ɗoki da yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya. Mahaifiyata kan ce ko a kan sallaya ƙafata rawa take. Wani ɗan kamasho da muka haɗu a intanet ne ya samo mini aikin. Ya ce shugaban sashen na'urori zan zama, ya ce har ya kama mini ɗaki a unguwar Ambassatna, gida mai shuɗin ƙyaure kusa da gidan burodi. Na tura masa na goro tun ina gida, ya yi ta sa mini albarka.

Mai babur ɗin da ya ɗauke ni, kilando suke ce musu a can, ba ya jin Faransanci, ni kuma ba na jin Larabcinsu. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "Sameh, sameh," wato to, to, ya ƙara wuta. Mun shiga Ambassatna mun fita, mun sake shiga. Ashe rabin ƙyauren unguwar shuɗi ne, gidan burodi kuwa na ga huɗu kafin in fid da rai. Gida bakwai na ƙwanƙwasa. A na bakwai wata mata ta dube ni, ta dubi jakata, ta koma ciki ta fito mini da kofin ruwa mai sanyi. Na kira ɗan kamasho, waya a kashe. Har yau a kashe take.

Sa'ar da na yi, aikin gaskiya ne, ko in ce rabinsa. Kamfanin yana unguwar Paris-Congo, a saman wani shagon tayoyi, kuma sashen da zan shugabanta ni kaɗai ne a cikinsa. Mai kamfanin, wanda kowa ke kira Patron, dogo ne mai son turare. A tsaye ya karɓe ni, makullin mota a hannu.

"Wata uku gwaji," ya ce da Faransanci. "In na'urorina ba su mutu ba, kuma kwastomomi ba su kira ni suna kuka ba, sai mu yi maganar takarda."

"Masauki fa, Patron?"

"Ambakir," ya ce, ya sauka bene. Daga baya na gane ambakir gobe ke nan da Larabcinsu, kuma a bakin Patron gobe ce wadda ba ta zuwa.

Mai gadin wurin, Mahamat, dattijo ne mai dafa shayi a bakin ƙofa. Ya ji ina ta gunaguni da Hausa ni kaɗai, sai ya miƙo mini ɗan kofi. Da guntuwar Hausarsa ya gaya mini wanda ya riƙe aikin kafin ni, Idrissa, shi ma Bahaushe ne, ɗan Chagoua. Sun ɓata da Patron ya bar ƙasar.

"Tafi wurin Baba Saleh," ya ce. "Hausa ya zo, can ya kwana."

Ya tsayar da wani kilando ya yi masa kwatance, ya kuma ja masa kunne da yatsa kada ya yi yawo da ni.

Gidan Baba Saleh yana layin ƙarshe kafin kogin Shari. Bayan katangarsa akwai jinga ta ƙasa da mutanen unguwa suka tara, bayan jingar kuma sai ruwa. Na same shi a ƙofar gida gaban faifan goro, tsoho siriri mai farin gemu. Bai tambaye ni takarda ba, bai tambaye ni wa ya aiko ni ba.

"Lale, lale, ɗana. Afe? Mutanen gida afe?"

Hausarsa irin ta dā ce, ya cakuɗa ta da Larabci, har wata kalmar sai na yi tunani kafin in tuna a bakin kakata na taɓa jin ta. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakansa ne ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya tsaya nan neman guzuri, ya yi aure, guzurin bai cika ba har ya rasu. Baba ya kai ni wani ɗakin ƙasa mai kaurin bango a bayan gida, ta wajen kogi.

"Wannan ɗakin kakana ya fara ginawa, kafin ma nasa," ya ce. "Duk Bahaushen da ya ɓata a garin nan, a ciki ya kwana."

Ya nuna mini bayan ƙyauren katakon. Baƙin da suka wuce sun yi ta karce sunayensu da ƙusa, wasu da ajami wasu da boko, kowa da garinsu: Sakkwato, Maraɗi, Yola, Tawa. Da ya ji inda zan yi aiki sai fuskarsa ta washe.

"A wurin Idrissa? Alhamdulillahi! Ashe kai ne magajinsa. To, hankalina ya kwanta."

Na ɗauka karamcin tsoho ne kawai, ban tambayi dalili ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in faɗe shi a sauƙaƙe. Sarba babbar kwamfuta ce da ba a zama a gabanta, tana can cikin akwatin ƙarfe tana huci dare da rana. A cikinta muke yanka ƙananan kwamfutoci marasa jiki, kowacce da rabonta na ƙwaƙwalwa da ma'aji, kowacce tana aikinta kamar ita kaɗai ce. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, ni kuma mai kula da gidan. Patron yana da sarba biyu a wani ɗan ɗaki mai sanyi, kuma a cikinsu akwai na'urar wani kantin magani, da ta wata makaranta, da na 'yan kasuwa kala-kala. Aikina in ga kowacce na numfashi, in ƙara wa wadda ta matsu, in tashe su in wuta ta ɗauke janareta ya yi gardama.

A ɗakin nan na yi wata biyu, kuma ban taɓa zama minti goma cur a kan kujera ba. In tashi in taɓa na'urar sanyaya ɗaki, in leƙa taga, in dawo in duba allo, in sake tashi. Tsoron kora ya hana ni sakat. Na riga na gaya wa duk Damagaram na zama shugaban sashe, da wace fuska zan koma? Idan na kira gida sai in yi ta dariya ina cewa komai lafiya, in na ajiye waya kuma sai kwaɗon zogalen mahaifiyata ya faɗo mini a rai. Na yi kewar gida ƙwarai, har yanzu ban san yadda zan kwatanta ba.

Ana cikin haka Patron ya samo babban kwastoma, wani kamfanin motocin safa da ke son na'urar sayar da tikiti. Ya shigo da turarensa ya ce in sama musu wuri kafin mako ya fita. Sarbobin kuwa sun cika maƙil. Na bi jerin na'urorin ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sunan mai ita, sai guda ɗaya. Idrissa ya sa mata suna essai2, wato gwaji na biyu, bai rubuta komai a kanta ba. Kullum a kunne take, ba ta aikin a zo a gani, amma ta riƙe ƙwaƙwalwa mai yawa. Kalmar sirrinta ba ta cikin littafin da ya bari.

"Patron, ko za ka ba ni lambar Idrissa in tambaye shi?"

"Kada ka sake ambatar wannan sunan a ofishina. Goge ta, kalas."

A nan ne na ɗaga kai na nuna masa ni ɗan makaranta ne. Malamin da ya koya mana aikin a Yamai yana da wata ƙa'ida da yake maimaita mana kullum: kada ka taɓa goge na'urar da ba ka san mai ita ba. Kashe ta kawai, ka zauna kusa da waya. In tana da mai, zai yi ihu kafin ka gama shan shayi. In mako uku ya wuce babu ihu, ba ta da kowa, sai ka goge da kwanciyar hankali. Duk masu sana'ar nan haka suke yi, kuma ni ina alfahari da na san wannan. Patron ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi yadda na ga dama, amma ranar Litinin ta mako na huɗu kada ya gan ta.

Abu biyu ya kamata su tsayar da ni. Na farko, a bayan sarbar akwai wani ɗan modem da aka soka, mai layin waya a ciki, yana ƙyafta koriyar fitila. Na gan shi, na ce wataƙila tsohon intanet ne na ko-ta-kwana, na wuce. Na biyu, na san Baba Saleh ba zai rasa lambar Idrissa ba. Amma girman kai ya hana ni. Ban so wanda na gada ya ji na kasa gane aikinsa ba, kuma a raina na ce, me tsoho mai sayar da goro ya sani game da sarba? Na danna, ta mutu, na kwashe ƙwaƙwalwarta na ba masu safa.

Daga nan na shiga jira. Damina ta kusa ƙarewa, gari ya yi wani irin zafi mai ɗanko. Wayar ofis in ta yi ƙara sai in zabura, in ji mai kantin magani ne yana tambayar wani abu dabam. Kwana biyar, shiru. Kwana goma, shiru. Na fara jin daɗin kaina. Da yamma in koma Chagoua, Baba ya sa a kawo mana tuwo da miyar busasshen kifi, ya yi ta gyara mini Larabci yana dariya, wai ina furta kalmomin kamar mai tauna tsakuwa. Kullum a gabana wuta za ta ɗauke, mutanen unguwa su ce, "Kuran ya tafi," su ci gaba da hirarsu. Waya ta ƙi shiga, su ce, "Rezo ma fi," wato ba sabis, su mai da ita aljihu. Ban taɓa jin wani ya kira wani ya yi masa faɗa a kan abin da ya mutu ba. Da idona nake ganin haka kullum, amma ban haɗa shi da wayar da nake gadi a ofis ba.

Ranar kwana na goma sha tara Jumma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci na tarar da maza sun taru a kan jinga suna gardama. Kogin ya canza launi, ya yi ja-ja, yana tafe da dunƙulen ciyawa. Wani magini, Malam Haruna, yana ta nuna ruwan da hannu.

"Baba, wallahi almi na tafe, ruwa na tafe. Dubi yadda yake gudu. Mu fara cika buhu."

Baba ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa ya ɗaga. "Saƙon Idrissa bai shigo ba. Shekara nawa bai taɓa yi mana ƙarya ba? In ka tara mutane suka bar kasuwarsu suka sayi buhu, ruwa bai zo ba, gobe wa zai ji maganarka?"

Na matsa kusa. "Baba, wane saƙo?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunana. Ya ce akwai wani ɗan'uwansu masunci can kudu, a gaɓar kogin, inda ruwa kan yi kusan mako kafin ya iso nan. An kafa masa turke mai jan fenti. Kullum da safe yakan duba ya tura lamba ta saƙon waya, don a can kira ba ya shiga sai saƙo. Na'urar Idrissa ce ke karɓa. In ruwa bai kai ja ba, ba ta cewa komai. In ya wuce ja, sai ta aika wa duk wayoyin unguwa, su sami kwana biyar ko shida su ɗaga jinga.

"Ina na'urar take?" na ce.

"A wurin aikinku mana. Ai kai ne a kanta. Shi ya sa bana ko tunaninta ban yi ba."

Ban san me na ce masa ba. Na dai san na sauko daga jingar da gudu har takalmina ɗaya ya fice, na koma na ɗauka, na tare kilando ina ta ihun "Paris-Congo! Paris-Congo!" Duk hanya ina dukan bayan mutumin nan kamar shi ya yi mini laifi.

Ranar Jumma'a da rana ake tashi, ofis a rufe. Mahamat na ganin fuskata ya ciro makulli. Na faɗa ɗakin sarba na danna a tayar da essai2. Ta ƙi. Allo ya ce babu isasshiyar ƙwaƙwalwa, kuma gaskiya ya faɗa, ni na kwashe na ba masu safa. Hanya ɗaya ce mai sauri: in kashe na'urar tikiti, a ranar Jumma'a da yamma, lokacin da kowa ke neman mota. Na san abin da hakan zai jawo mini. Na tsaya, na tuna Damagaram, na tuna bayan ƙyauren nan mai sunaye. Na kashe ta, na tayar da ta Idrissa.

Ko minti goma ba a yi ba wayar ofis ta fara ƙara. Tawa wayar ma ta ɗauki ƙara. Masu safa ne, sannan Patron, sannan masu safa kuma. Ihun da na yi kwana goma sha tara ina jira, ga shi ya zo, daga masu kuɗi. Ban ɗaga ko ɗaya ba. Ina kallon allo na'urar ta farka, ta fara kwasar saƙonnin masuncin da suka taru a cikin modem. Bawan Allah, bai fasa ko rana ɗaya ba. Shi ya aika, ya ɗauka ya isa. Lambobin suna hawa a hankali, sai na ga inda suka tsallake ja. Kwana shida ke nan da suka wuce.

Sai na ji wayar Mahamat ta yi ƙara a bayana, ashe shi ma yana da 'yan'uwa a bakin kogi. Ya miƙo mini ya ce in karanta. Layi ɗaya ne, da Hausa da Larabci: ruwa ya wuce ja, ku cika buhu.

Da na koma Chagoua unguwar ta hargitse. Maza da shebur, mata na riƙe bakin buhu, amalanke na kawo yashi. Na cire riga na shiga. Ni da ban taɓa ɗaukar abin da ya fi kwamfuta nauyi ba, na yi ta dakon buhu har fatar kafaɗata ta saluɓe. Wannan ne karo na farko tun zuwana da rawar jikina ta yi wa wani amfani. Aikin kwana shida ne muka so mu yi a kwana ɗaya da rabi. Buhu ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, don kowace unguwa ta farga a lokaci ɗaya. Mun ɗaga jingar ta wajen masallaci da ta wajen makaranta, amma ba mu kai ga ƙarshen layi ba.

Ranar Lahadi da hantsi ruwa ya tsallako ta bayan gidan Baba. Bai zo da ƙarfi ba, a hankali ya shigo yana lasar gindin bango. An riga an kwashe kaya da mata da yara zuwa tudu, ba a rasa rai ba, alhamdulillahi. Muna tsaye a kan hanya ruwa iya gwiwa, wajen azahar, sai bangon ɗakin baƙi ya zauna. Rufin ya biyo shi. Baba bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi kuka ba. Ya dai ce wa Malam Haruna a ciro masa ƙyauren kafin ruwa ya tafi da shi.

Kwana biyu na yi ina zagaya shi. A harabar makarantar da muka fake, in na hango shi ta nan sai in bi ta can. Babu wanda ya san komai; mutane ma cewa suke saƙo ya makara ne saboda rezo, wasu har suna yi mini godiya wai na je na gyara. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma godiyar nan ce ta fi ƙona ni. A rana ta uku da la'asar na same shi zaune a kan tabarma, ƙyauren na jingine a bayansa. Na durƙusa.

"Baba, ba rezo ba ne. Ni ne na kashe ta."

Na gaya masa komai, har ƙa'idar malaminmu, har modem ɗin da na gani na wuce, har abin da na ce a raina game da mai sayar da goro. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ci gaba da jan carbinsa, har na fara fatan ya tashi ya mare ni in huta.

"Wato kwana goma sha tara kana zaune kusa da waya," ya ce, "kana jiran mu yi ihu."

"Haka ne, Baba."

"Lawali, mu in abu ya yi shiru Allah muke gode wa. Wa za mu yi wa ihu? Ko lambar ofishinku ba mu sani ba." Ya girgiza kai. "Kuma kullum ga ka ga ni, kwano ɗaya. Kalma ɗaya da ka tambaye ni."

A nan hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Ka iya kwaɓa ƙasa?"

"Ban iya ba, Baba."

"Za ka koya. In ruwa ya janye akwai tubali da za a buga. Baƙo zai zo, ba inda zai kwana."

Patron bai jira wata uku ya cika ba. Masu safa sun ce sai an hukunta wani, kuma ba a sha wahalar gano wanin ba. Na roƙe shi abu biyu, ya bar ni in yi kwana biyu in miƙa aiki, ya kuma bar na'urar Idrissa ta zauna. Ya buɗe baki zai ce ambakir, sai Mahamat, wanda ban taɓa jin ya yi magana a gabansa ba, ya shigo ya ajiye masa shayi ya faɗi wata doguwar magana da Larabci. Ban gane ko rabi ba. Patron ya dubi taga, ya ce in dai ba za ta ci masa wuri ba, ta zauna.

Na karɓi lambar Idrissa a wurin Baba, abin da ya kamata in yi tun farko. Ya zage ni tas, sannan ya ba ni kalmar sirri. Na rage mata ƙwaƙwalwa har ta shige wani lungu ita da ta masu safa ba su takura wa juna ba. Na goge essai2 na sa mata suna Ruwan Chagoua, na rubuta a kanta da manyan baƙaƙe abin da take yi da wanda za a kira kafin a taɓa ta, na kuma manna takarda a jikin modem ɗin. Sannan na canza abu ɗaya a aikin Idrissa. Na sa ta riƙa aika saƙo kowace safiya, rani da damina, ko da ruwa na ƙasa: yau lafiya, ga lamba. Na bi gida-gida ina cewa, daga yau shiru ba lafiya ba ne. Ranar da saƙo bai shigo ba, ku kira, ku yi faɗa. Dariya suka yi ta yi mini. Baba ma ya ce shi bai saba ɗaga wa mutum murya a waya ba.

Wata biyu na ƙara a Chagoua ba aiki, ina kwana a zaure, ina kwaɓa ƙasa ƙarƙashin Malam Haruna, wanda ya ce bai taɓa ganin lebura mai gaggawa da rashin iyawa irina ba. Mun ɗaga ɗakin a kan tushe mai tsawo, muka mai da tsohon ƙyauren. Ranar da zan tafi Baba ya miƙo mini ƙusa. Na ce ban cancanta ba. Ya ce ai ba don cancanta ake rubutawa ba, don kwana ake rubutawa. Na karce Lawali, Damagaram, can ƙasa kusa da dokin ƙofa.

Na dawo gida ba takardar aiki, ba shugabanci, sai hannu mai kanta. Yanzu ina kula da sarbobin wata makaranta a nan garinmu, kuma duk na'urar da na samu ba suna, ƙafa nake sawa in bi mutane ina tambaya kafin in taɓa ta. Lambata tana cikin jerin Chagoua, ni na saka ta. Kowace safiya wajen ƙarfe bakwai wayata kan yi ƙara, in duba tsayin kogin da ke nesa da ni kwana biyu a mota, sannan in iya karyawa.

Cikin daminar da ta wuce, wata Talata, bakwai ta yi shiru. Bakwai da kwata, shiru. Na ajiye kofin koko na fara zagaya tsakar gida ina neman lambar wanda ya gaje ni. Kafin in same ta waya ta ɗauki ƙara a hannuna, lambar Chadi. Na ɗaga, ko sallama babu.

"Lawali! Abinka ya yi shiru! Kana ji na? Na kira ofishinku, na kira Mahamat, na tara musu jama'a a ƙofa! Ku tashe ta yanzu-yanzu!"

Ihu yake da iya ƙarfinsa, har mahaifiyata ta leƙo daga madafa tana tambayar wane ne ke yi mini faɗa haka da sassafe. Na rufe bakin wayar da hannu, ina dariya hawaye na zuba.

"Mai masaukina ne, Inna," na ce.